Gwazan Rifkatu a Gonar Citta

Wata rana, Asabar ce, da hantsi, na ji ihu daga gonar maƙwabcina Shekari. Na ɗauki sandata na nufi can, ina zaton maciji ne.

Ashe rawa yake!

Bari in faɗa muku yadda aka yi.

Shekarun baya Shekari ya daina noman komai sai citta. Dawa, acca, wake, duk ya sallame su. Kuma gaskiya ta yi masa rana: aiki iri ɗaya, taki iri ɗaya, masu saye har ƙofar gida. Ya rufa kwano, ya hau babur. Hatsi kuwa sai dai ya sayo a kasuwa, rumbunsa kaji ke ƙwai a ciki.

Bana cuta ta shigo. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Abin da ya kama kunya ɗaya ya kama duka, domin babu wata shuka a tsakani da za ta tare shi.

Mutum tara a gida, ba ƙwayar hatsi.

A safiyar nan yana ta tono yana zubar da ruɓaɓɓiyar citta, har ya zagaya bayan dutsen da ke ƙarshen gonar, wani lungu mai laima da bai damu da leƙawa ba. Sai ga gwaza, kore shar, ganye kamar faifai!

Matarsa Rifkatu na tsaye a gefe, hannu a ƙugu.

"Maman Tani, ba na hana ki shuka komai a gonar nan ba?"

"Ka hana, maigida. Amma ka taɓa jin gidan da aka tuƙa tuwon citta?"

Ya yar da fartanya ya hau tsalle, yana kiran sunanta kamar sabon ango. Ni da na daɗe ban yi dariya ba, sai da na share ƙwalla.

Abin da ya rage a gonar: gwaza, 'yar kubewa, da kabewar da ta hau dutse. Da su gidan zai kai kaka ta gaba.

Darasi: Shuka iri ɗaya na kawo arziki da sauri, amma ranar da ta faɗi, da kai take faɗuwa. Ka bar wa tukunya lungunta a gona.

Ku tura wa manomin da kuka sani, tun kafin ya yi huɗar baɗi.