Likkafani na Biyu

A farkon shekarun sittin, muna zaune a Makka, a gidan Tandabawi, aka sauke mana alhazai Turkawa a ɗakunan ƙasa. Haka ake yi a Makka lokacin Hajji: masu gida su takure a sama, baƙin Allah su cika ƙasa. A cikinsu akwai wata tsohuwa 'yar firit daga tsibirin Ƙubrus. Zafin Arfa ya buge ta, daga Muzdalifa a kafaɗa aka dawo da ita. 'Yan ayarinta suka jira har jirgin ruwansu ya kusa tashi daga Jidda, suka bar mini ita, a kan in ta ji sauƙi ta bi na baya.

Ba ta jin Larabci sai na salla, ni kuma ko gaisuwa ban iya da Turkanci ba. Haka muka yi kusan mako uku. In na dama mata kunun gyaɗa sai ta yamutsa fuska, ta shanye don kada in ji kunya. Ita ta koya mini tufke gashi irin nasu.

Tun kafin ta kwanta ta sayi likkafani biyu, ta wanke su da ruwan Zamzam ta shanya, kamar yadda alhazai da yawa ke yi. Da ta ga jikin ya ƙi, sai ta sa aka kira mutumin da ke kula da alhazansu, mai jin yarenta. Ta ce ɗaya nata ne, ɗayan na mijinta, makaho, wanda bai iya tahowa ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙunshin, ta ba ni takarda mai sunan ƙauyensu. Mutumin ya ce, "Ta ce hannu da hannu, ya Hajiya." Na ce to, ban san me nake amsawa ba.

Da ta rasu, ni na yi mata wanka, ni na naɗe ta a nata. Na biyun ya zauna a ƙasan akwatina. Hajjin da ya biyo baya na sa aka nemo mini mutanen yankinsu, ba a samu ba. Na rubuta wasiƙa, shiru. Kullum na buɗe akwatin sai in tambayi kaina: in tsohon ya riga ni fa?

A shekara ta biyu aka ce sai an yi wa maigida aikin ido a Beirut, na bi shi, na saka ƙunshin cikin kaya ban faɗa masa ba. Yana kwance an ɗaure masa idanu na ga sanarwa a bakin asibiti: ana haɗa ayarin yawon buɗe ido zuwa Ƙubrus, kwana uku, yawancinsu malaman makarantar mata. Na karanta masa.

"Ke 'yar Sudan," ya ce, don a can na yi sakandare kuma bai taɓa daina tsokanata da shi ba, "da ƙunshin nan kika taho, ko?"

"Da shi na taho, Malam."

Ban taɓa kwana a wani gari ba tare da muharrami ba, shi ma ya sani. Can ya ce, "Amana ce. Ki tsaya cikin mata. Ni dama ba ganinki nake yi ba."

Mu ashirin da bakwai ne a motar da ta ɗauke mu a Ƙubrus. Kowa da abokin zamansa sai ni. Ƙunshin na ajiye a kujerar gefena. Jagoranmu ɗan tsibirin ne mai jin Larabci, yana riƙe da laima yana ƙirga mu kamar tumaki a kowace tasha. Tun ranar farko na nuna masa takardar. Ya duba ya ce, "Ba ya cikin tsari, ya Hajiya. Mu gani gobe."

Aka kai mu rusassun ganuwoyi, da gonakin lemo da ƙamshinsu ke shiga har cikin mota, da bakin teku inda na rasa inda zan sa idona. Aka kai mu wani masallaci a gefen tafkin gishiri, inda aka ce wata sahabiya ke kwance. Na yi raka'a biyu, na roƙi Allah abu ɗaya, ya sa tsohon na da rai. Rana ta biyu ma jagora ya ce gobe.

Akwai wata malama 'yar Misira a bayana, mai ƙiba da dariya, ta sa ni gaba. "Ya Makkawiyya, wannan mijin naki na kujera ba ya magana? Ko zinari ne a ciki?" Ranar ƙarshe, muna hanyar tashar jirgi, ta miƙo hannu cikin wasa ta ɗaga bakin ƙunshin. Ta ga farin ƙyalle, ta ji ƙamshin kafur. Dariyar ta tsaya. Matar da ke gefenta ta ja jiki tana salati.

Nan kuka ya ƙwace mini, na ba ta labarin duka. Sai ta miƙe tsaye mota na tafiya.

"Kai mai laima! Jiya sa'a guda ka tsayar da mu muna kallon duwatsun mutanen da suka mutu tun zamanin Fir'auna. Yau mai rai ne ba ka da lokacinsa?"

"Jirgi ba ya jira, ya ustaza!"

"To ya tafi da kai!"

Wasu suka goyi bayanta, wani mai mata biyu da 'ya'ya ya yi ta duban agogo yana tsaki. Jagora ya yi magana da direba, ya juyo ya ce, "Kwata ɗin sa'a. Ko minti ɗaya ba ƙari."

Ƙauyen na kan tudu. Aka nuna mana gidan, muka tarar da tsohon a ƙofar gida, zaune a ƙarƙashin itacen ɓaure, siriri, da hula ja. Yana da rai. Tsohon yana jin yaren jagora, sai jagora ya yi mana tafinta. Na sa masa ƙunshin a hannu kamar yadda ta ce. Ya lalube shi, ya kai fuskarsa ya shaƙa, ya daɗe a haka.

Shekara biyu ina tara abin da zan faɗa masa: kunun, da gashin, da yadda take kiran sunansa in zazzaɓi ya tashi. Na fara, jagora yana mayar da kowace doguwar magana kalma uku, idonsa na kan mota. Sai tsohon ya ɗaga hannu ya yi tambaya.

"Ya ce wa ya yi mata wanka?"

"Ni."

"Ya ce a ina take kwance? Kusa da me? Yana so ya riƙa ganin wurin a ransa."

A Makka mu mata ba ma bin gawa, kaburbura kuma babu suna a kansu. Daga ƙofar gida na rabu da ita. Na so in ce kusa da wani dutse, ko inuwa, don ya samu abin riƙewa, amma na kasa yi wa makaho ƙarya.

"Ka ce masa tana Makka. Ban san wurin ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Direba ya danna hon. Tsohon ya kira wata mata daga cikin gida, ta cika mini gefen mayafi da ɓaure, jagora yana ta "yalla, yalla," wato mu tafi. Da na waiwaya daga tagar mota, yana nan zaune da ƙunshin a cinyarsa, fuskarsa na kallon inda muka tsaya ɗazu.

Malamar ta dawo kujerar gefena ta zauna. Tare muka isa tashar jirgi.

Da muka koma gida na roƙi Malam ya je maƙabarta ya tambayi masu haƙa. Ya je sau biyu. Suka ce a shekarar an binne alhazai da yawa, ba wanda zai iya nunawa. Na rubuta wa tsohon wasiƙa mai shafi huɗu, na sa duk abin da kwatan sa'a ya hana ni faɗa. Ban sani ba ko ta isa, ko an samu mai karanta masa.