Baƙin Man Da Ya Cinye Shanun Kawuna

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni saurayi ne mai ji da kansa. Na gama zama yaron mota a manyan motocin da ke jigilar hatsi daga Babbar Kasuwa ta Katsina, na sami lasin, kuma a ganina babu mahaluƙin da zai koya mini wani abu game da inji. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, makiyayi ne da ya zauna da ɗan garkensa can bayan Ƙofar Ƙaura, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Da ya ga gonaki sun cinye burtali, kiwo sai ƙara wuya yake yi, ya sayar da mafi yawan shanunsa ya sayi akori-kura mai shan gas, 'yar Kwatano, ya damƙa mini makulli. Ya ce shi saniya ya sani, bai san mota ba, amma ni ya san ni, wannan ya ishe shi.

Wanda ya sayar masa da motar wani dattijo ne da suke sallah a masallaci ɗaya. Ya haɗa mana da galan ɗin baƙin mai, ya nuna mini lambobin da ke jiki, ya ce irin waɗannan ƙananan injinan na zamani wannan lambar suke so, kada in canza. Na ce to, a raina ina dariya. Ina zuwa gida na buɗe, na ɗiga a yatsa na murza kamar yadda aka koya mana a tasha, na ji shi tsululu. A tasharmu kuwa magana ɗaya ce: man kirki sai ya kama yatsa ya yi zare, wanda ya tsinke an gauraya shi da kananzir. Nan take na je na gaya wa Kawu cewa mutumin nan ya ba mu man algus. Kawu ya ce bai zaci haka daga gare shi ba. Galan ɗin kuma na kyautar wa mai injin markaɗen unguwarmu.

Na tafi wurin masu sayar da baƙin mai a durom na sa aka cika mini injin da man da muke zuba wa tsofaffin manyan motocin nan da ake kira roka, mai kauri kamar zuma. Ƙarar inji ta kwanta, abokaina na tasha suka yi ta zuga ni, wai motar ta faɗa hannun gwani. Sai dai kullum da safe in na tayar da ita, ƙarfe ya ɗan yi kaf-kaf, jar fitilar mai ta jima tana ci kafin ta mutu. Maimakon in tambaya, sai na samo sitikar wani ɗan takara na liƙe fitilar, don ta daina damuna. Lokacin yaƙin zaɓe ne, 'yan siyasa na ɗaukar mu haya mu kai lasifika da magoya baya ƙauye-ƙauye, motar ba ta hutawa. Da sassafe nake murza makulli in taka ta, ko ɗumi ban bari ta yi.

Ba a daɗe da rantsar da sababbin shugabanni ba Kawu ya ce in kai shi kasuwar Jibiya da tumaki. Ranar ya fara shiga gaban motarsa, ya sa sabuwar riga, yana ɗaga wa mutane hannu. Ba mu yi nisa da gari ba hayaƙi ya turnuƙe, injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Aka jawo mu zuwa garejin wani bakanike ɗan kudancin Kaduna a Ƙofar Marusa. Da ya kwance injin, ya ja ni gefe ya tambaye ni man da nake zubawa. Ya nuna mini hanyoyin da mai ke bi, sirara ƙwarai, ya ce mai kauri ba ya isa sama da safe sai ƙarfe ya gama cin ƙarfe. Na roƙe shi kada ya faɗa wa Kawu. Ya ce shi ba zai kai magana ba, amma in an tambaye shi ba zai yi ƙarya ba. Kawu kuwa bai taɓa tambaya ba, domin ni na riga na ba shi mai laifi.

Ya sayar da ragowar shanun aka sa wani injin, shi ma bai yi ƙarko ba, ƙarshe 'yan gwangwan suka yanka motar. Mutumin da ya tashi da garken kansa ya koma kiwon shanun wasu da tsufansa. Abokan da suka zuga ni su suka fara mayar da ni abin dariya, har yau ban son bi ta tashar nan. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne dattijon da ya sayar da motar. Kawu ya daina gaishe shi, ya canza masallaci, duk inda aka yi zancen mota sai ya ja masa Allah ya isa. Ina zaune ina ji. Sau da yawa na yi niyyar magana, sai in ga yadda yake turo mini ƙwaryar fura in kasa.

Don haka nake jan kunnen direbobi 'yan uwana: yatsa ba ya karanta baƙin mai. Abin da ya dace da tsohuwar roka ba shi ya dace da ƙaramin inji ba, ku duba lambar da aka ce, in ba ku gane ba ku tambaya, jar fitila kuma ba ado ba ce. Wanda ya yi ɓarna ya faɗa tun mai kayan na da rai, domin ni na makara. A ciwonsa na ajali Kawu ya tara 'ya'yansa, ya ce su riƙe ni da kyau, wai ni ma marayan Allah tare aka cuce mu.