Asabar Ukun da Na Ce wa Kawu An Fasa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinka littattafai a wani gidan ɗab'i, kuma bai taɓa zuwa aiki a mota ba. Kullum kekensa yana jingine bayan injin yankan takarda, hular kwano a rataye a kansa. Yatsunsa duk sun yi kanta saboda zare da gam. Ranar Asabar kuwa ba ya sanin kowa sai hanya.

Shi ya fara tara mu, mu masu fita hawan keke ranar Asabar. Mu huɗu ne da farko, daga baya muka kai goma sha biyar, muna haɗuwa a gidan mai na bakin gari ƙarfe shida. 'Yan ƙungiya suka sa masa suna Wutsiya, don koyaushe shi ne a ƙarshe. Duk wanda numfashinsa ya ƙare a kan tudu, zai ji muryar Kawu a gefensa: "Sauke giya, ɗana. Kada ka kalli saman tudun, kalli tayarka." Ni ma haka ya yi mini ranar da na yi kilomita sittin na farko. Na yi amai a bakin hanya, ya riƙe mini keke, ya ba ni gorar ruwansa, bai kuma gaya wa kowa ba.

Da shekaru suka ja, Kawu ya daina zama a baya don ganin dama. Ƙafa ce ta ƙi. Mu kuma mun sayi kekuna marasa nauyi, kowa da agogon da ke ƙirga masa gudu. Sai mu tsaya a mararraba muna jiransa minti ashirin, gumi yana bushewa a jikinmu. Wata rana wani da muke kira Injiniya ya ce mini, "Ka yi wa tsohonka magana mana. Mun zo motsa jiki ne ko rakiya?"

Ban iya yi masa magana ba. Abin da na yi ya fi muni. Na ce mu koma tashi biyar da rabi daga wani gidan man, na kuma kira Kawu na ce an fasa fita, mutane duk suna da uzuri. Ya ce, "To, Allah ya kai mu ta gaba." Asabar uku ina maimaita masa wannan ƙarya.

A ta ukun, muna dawowa a guje a jere, sai ga shi yana tahowa ta ɗaya hannun, shi kaɗai, yana tura feda a hankali. Babu inda zan ɓuya, ni ne ma a gaba. Ya ɗaga mana hannu, ya ce, "Sannunku da ƙoƙari!" Na sunkuyar da kai kamar ina duba sarƙa, muka wuce.

Kwana biyar ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ranar Alhamis da yamma na je gidansa. Na tarar ya kifa keken a tsakar gida, yana goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori. Matarsa ta kawo mini kujera, ta ce, "Yau ɗan tsere ne a gidanmu?" Ta shige ɗaki ba ta jira amsa ba.

Na ce, "Kawu, na yi maka ƙarya."

"Na sani. Tun Asabar ta farko mai sayar da man can ya gaya mini. Riƙe mini tayar nan."

Na riƙe. Ya ci gaba da gogewa.

"Da ka ce mini na yi muku nauyi, da na ji zafi kwana biyu, shi ke nan. Ni ma ina da agogo, na san minti nawa kuke jirana." Ya ɗago ya dube ni. "Ranar nan, bayan kun wuce, na samu Mai Kemis a ƙarƙashin gada. Tayarsa ta sace, ba shi da faci, ba shi da famfo. Awa guda yana zaune. Cikinku akwai wanda ya waiwaya?"

Mai Kemis sabon shiga ne, mutum mai jiki, watansa biyu da mu. Wallahi har lokacin ban san mun bar shi a hanya ba. Na ɗauka gida ya juya.

Na roƙi Kawu ya dawo, na ce zan gyara komai. Ya ce a'a, gwiwarsa ba ta son rigima. Yanzu ranar Lahadi yake fita, shi da Mai Kemis da wani malamin makaranta mai ritaya, kilomita ashirin da biyar, su tsaya su sha shayi su juyo. Na taɓa tambaya ko zan iya binsu, ya ce hanya ta kowa ce. Sau biyu na je. Suna ta hira da dariya, ni kuwa sai taɓa birki nake yi kada in wuce su.

Mahaifiyata har yau ba ta san abin da ya faru ba. Jiya ma ta ce in kai masa man shafawa na gwiwa, tunda kullum muna tare.