Ranar da Baba ya kafa shaidu a kan kalmar sirri

Shekarun baya, sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, wata Baturiya ta zo marinar mahaifina a Ƙofar Mata. Rininsa ya burge ta, ta ce za ta riƙa saye da yawa, amma sai ta imel. Ni da na gama kwas ɗin kwamfuta ina jin kaina, na je shagon intanet na buɗe masa.

Na yi wa Baba bayani cewa akwai kalmar sirri, mu biyu kaɗai za mu sani. Ya ce shi bai taɓa ƙulla harka ba shaidu ba, in na faɗi na mutu fa? Bayan la'asar ya kira aminansa biyu zaure, ya ce in faɗa. Ɗayansu kunnensa da nauyi, sai da na ɗaga murya. Mai shayin ƙofar gidanmu ma ya ji.

Ba a jima ba aka fara tare Baba a masallaci ana masa barka da ciniki, mu kuwa ko saƙon Baturiyar ba mu gani ba. Na ruga shagon na duba imel ɗin. Ashe shaidan farko ya sa ɗansa ya shiga imel ɗin da kalmar sirrin, ya rubuta mata cewa kayan Alhaji sun fi ƙarfin tayinta. Na biyu ya ji tausayinta, ya sa an rage mata. Wani maƙwabcinmu kuma, da ya ji kalmar a wurin mai shayi, ya gayyace ta sunan jikarsa, ya ce ta taho masa da maganin ciwon gwiwa.

Saƙonta na ƙarshe gajere ne. Ta ce ba ta san da wa take magana ba, ta haƙura.

Ranar na ji kamar in yi kuka. Na ce wa Baba sai an kira su an yi musu faɗa. Ya kalli hannuwansa da shuni ya rine, sannan ya ce, "Wa zan yi wa faɗa? Kowannensu taimakona ya je yi."

Yanzu in na ji ana gargaɗi a kan ɓarayin intanet, dariya nake yi ni kaɗai. A namu babu ɓarawo ko ɗaya. Masoyanmu ne suka taru, da zuciya ɗaya, suka kore mana kasuwa.