Roƙon Ruwa a Woolwich

Shekarar da muka koma unguwar Woolwich a Ingila 'yata ta fari tana da shekara huɗu, kuma ba ta magana da kowa sai ni da babanta. In baƙo ya shigo sai ta shige bayan zanena ta maƙale. Mun nemi gurbi a makarantar renon yara ta unguwa, aka ce mu jira, muka yi ta jira har na daina tambaya.

Maƙwabciyarmu wata doguwar Baturiya ce mai yawo ba takalmi, ko a bakin titi. Ba ta sa ɗanta a makaranta ba. A gida take koyar da shi, tare da wasu yara 'yan tsiraru da iyayensu suka yarda da tsarinta. Tsarin kuwa babu allo babu alli, yanayin shekara suke bi. Da kaka su tsinto busassun ganye su jera a kan tebur, da sanyi su kunna kyandir su jira rana ta dawo, in furanni suka fito su fenta ƙwai su tono tsutsa. Ranar da ta ce in kawo 'yata ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ita ba ta coci ba ta masallaci, ƙasa da rana da wata take girmamawa irin na kakanninta. Na ce a raina, ashe Turawa ma suna da nasu Maguzawan.

Maigidana likita ne, ba ya ɗaga murya, amma in ya yanke magana ta yanku. Ya ce, "Ganye da tsutsa ban hana ba. Amma ranar da na ji an haɗa yarinyar nan da wani tsafi, ta gama zuwa."

Ba a yi wata biyu ba yarinya ta sake. Ta dawo da laka har gwiwa, aljihu cike da duwatsu, baki kuwa ba ya rufuwa. Ta yi ƙawaye, har gaishe da mai kawo madara take yi. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun zuwana ƙasar, shi ya sa nake kaffa-kaffa da sharaɗin babanta.

Lokacin zafi na shekarar ya zo da fari. Ciyawar filin wasa ta koma ruwan ƙasa, har aka hana ban ruwan lambu da tiyo. Sai maƙwabciyar tamu, malamar yaran, ta ce kowace uwa ta zo ta nuna wa yara wata al'adar yanayi ta ƙasarsu. Ni kuwa haifaffiyar cikin birnin Kano ce, ban taɓa shuka ko gyaɗa ba. Abin da na iya tunawa kawai shi ne roƙon ruwa da muke yi muna yara, mu juya rigunanmu baibai, mu bi layi muna kaɗa gwangwani. Na ce madalla, wannan ai Allah ake roƙo, in ma an bi ta lada zan samu.

Haka na jera 'ya'yan Turawa a bayan gidanta, riguna a baibai, kowa da murfin tukunya da cokali, suna zagaye suna ihun "Allah ba mu ruwa" da karyayyen harshe. Malamar ce a gaba, gashi a warwatse. Tsohon da ke gidan kusa ya leƙo ta kan shinge, ya kalle mu, ya koma ciki ya ja labule.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, ranar Asabar ta makon suke babban bikinsu na rana, wanda suke yi a yinin da ya fi kowane tsawo. Yaran sun daɗe suna saƙa hulunan furanni dominsa. Ranar Alhamis hadari ya haɗu. Juma'a aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. In ba Bahaushiya ba, wa zai zo Ingila ya roƙi ruwa?

Asabar da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa, maigida ya buɗe. Malamar ce a jiƙe sharkaf, hular furanninta ta langaɓe a kan kunne. Ta ce masa da Turanci, fuskarta ba alamar wasa, "Matarka tana da baiwa mai ƙarfi. Don Allah ka ce mata ta tsayar da shi, ko zuwa yamma ne."

Ya waiwayo ya dube ni.

"Me za ki tsayar?"

"Yallaɓai, ba abin da kake zato ba ne."

"Ni ban zaci komai ba tukuna. Na tura 'ya makarantar masu bautar rana ina tsoron su, ashe bokanyar a gidana take kwana."

Kafin in buɗe baki sai ga yarinya ta sauko daga bene da tata hular a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta kama wandonsa.

"Baba, it's my fault. Ni na fi kowa shouting."

Ya tsuguna. "Wa kuka roƙa?"

"Allah. Mama ce ta koya mana. Har Anti malamarmu ma ta roƙa." Ta ja majina. "Baba, kai ka fi mu iya addu'a. Tell Him ya isa haka, my friends are crying."

Na san abin da ke yawo a kansa. Mutumin da bai taɓa sakaci da sallar asuba ba, yau ana so ya roƙi Ubangiji ya ɗauke ruwa don a yi wa rana biki. Ya daɗe yana kallon yarinyar nan da a watannin baya ko sannu ba ta iya ce wa mutum, ga ta yau tana kuka saboda ƙawaye. Sai ya ɗaga hannuwansa a nan bakin ƙofa.

"Ya Allah, ka sassauta ruwan nan saboda yaran da ke son fita wasa." Sai ya ƙara da cewa, "Wasa kawai."

Yarinya ta ce amin. Malamar ma, da ruwa ke ɗiga daga hancinta, ta ce amin, ta shafa fuska yadda ta ga an yi.

Ruwa bai tsaya ba. A falon malamar suka yi bikin, an kunna duk fitilun gidan. Ni kuma na wuni ina jiran hukunci, ina waiwayawa duk lokacin da maigida ya yi gyaran murya. Sai bayan la'asar, yana tsaye a taga yana kallon titi, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ki saya wa yarinyar nan takalmin ruwa kafin Litinin. Tunda kin jawo mana ruwa, kada ta je makaranta da jiƙaƙƙiyar ƙafa."

Na ce to. Na shiga kicin na rufe ƙofa, na yi ta dariya har da hawaye, sannan na ɗora tukunya.