Ƙwayar Fitsari da Zanin Zumunta

Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. An ƙone mini ɗaki lokacin rikici, na sake gina wani da noman citta. Duk mutane sun gani, ban sunkuyar da kai ba. Abin da ya sunkuyar da ni wata farar ƙwayar magani ce, ba ta kai wake girma ba.

Ciwon da haki ya fara. In na hau tudun gonarmu a Kwoi sai na tsaya. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. 'Yata ta kai ni asibiti a Kafanchan. Likita ya ce zuciyata ta gaji, shi ya sa ruwa ke taruwa a jikina. Sai ya miƙa ni ga wani nas da ya yi ƙarin karatu a kan ciwon zuciya. Likitan ba kullum ake samunsa ba. Nas ɗin muke gani duk ranar asibiti. Shi ke ɗora mu a sikeli, ya saurari ƙirji, ya danna ƙwauri da yatsa, ya ƙara magani ko ya rage. Namiji ne, autana ma ya girme shi.

Ya ce, "Mama, wannan ƙaramar ita za ta fitar da ruwan. Da safe za ki sha. Za ki yi ta zagayawa, kada ki tsorata."

Ta yi aiki. Ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo.

A cocinmu ni ke buga tulu a zumuntar mata. Mai tulu ba ta tashi a tsakiyar waƙa. Wata Lahadi na sha ƙwayar na tafi sujada a coci. Fasto ya ja wa'azi, aka shiga waƙar baiko, lokacin ba da sadaka, mutane suna fitowa layi-layi suna rawa. Na matse, na ƙara matsewa. Fitsarin ya zubo. A zanin zumunta, a benci, har ƙasa, matasa suna zaune bayanmu.

Mai kaɗa caki a gefena maƙwabciyata ce, mun yi shekaru ba ma gaisawa saboda iyakar gona. Ita ta kwance zaninta na sama ta yafa mini, ta janye tulun daga cinyata.

"Bi ta ƙofar gefe," ta ce. Ba ta ko dube ni ba.

Ban koma coci ba. Ƙwayar kuma na daina sha in zan fita: ranar kasuwa, ranar jana'iza, ranar gona. Kusan kullum ke nan. Ruwa ya dawo. Kwanciya ta gagara, a zaune nake barci, jingine da bango.

Ranar asibiti nas ya dubi sikeli ya dube ni.

"Mama, buhun citta kika haɗiye?"

"Tuwo ne."

Ya danna ƙwaurina, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. "Tuwo ba ya barin rami a ƙafa."

'Yata ta fara faɗa, wai ita take sayen maganin, ni kuma taurin kai. Ya ce mata, "Anti, ki ɗan jira mu a waje." Da ta fita ya jawo kujera ya zauna ƙasa-ƙasa, yana duban takalminsa.

"A ina ƙwayar nan ta ba ki kunya?"

Yaron da zan iya goyawa yana tambayata wannan. Na so ƙasa ta buɗe. Bai hanzarta ni ba.

Na ce, "A sujada."

"Kai! Sannu, Mama." Bai yi dariya ba, bai kuma tambayi sauran ba. "Ba ke kaɗai ba ce. Ni ma da laifina, na ce da safe, ban tambaye ki yadda safiyarki take ba. Gaya mini, yaushe kike fita, yaushe kike dawowa?"

Na gaya masa. Ya ce ranar fita in bar ƙwayar sai na dawo gida da rana, amma kada ta kai yamma, don kada ta hana ni barci. Ya ƙara mini ita na 'yan kwanaki don ruwan ya sauka, ya ce zai sanar da likita, in dawo mako mai zuwa ya sake aunawa.

"In numfashi ya ƙi ko kina zaune, kada ki jira ranar asibiti. Kuma ki koma coci. Zaman ɗaki ba ya cikin maganin da na rubuta."

Ruwan ya sauka kafin ƙafata ta yarda ta taka coci. Da na je, a bencin baya na zauna. Uwar zumunta ta hango ni, ta ɗaga murya.

"Tsohuwa, a can kike? Tulun nan ya sha wuya a hannun masu caki. Zo ki cece shi!"

Mata suka yi dariya. Na taso na karɓa. Na buga har aka tashi, zanina a bushe, idona a kan bakin tulun.

Zanin maƙwabciyata na wanke na goge, na aika mata ta hannun 'yata. Tana nan a gefena kowace Lahadi. Har yau ban iya dubanta na ce na gode ba.