Firintar Malam Haladu Ba Ta Barci

Duk wanda ya san Mahuta ya san Malam Haladu, sakataren ƙungiyar manoman masara. Shekara ashirin da shida ya yi yana fama da 'yan firamare kafin ya yi ritaya, kuma rubutun hannunsa in ka gani sai ka rantse da allura aka ɗinka shi. Da shi yake jera sunayen manoma duk damina, ya kai ofishin rabon taki a Dandume. Sai bana aka ce an daina karɓar rubutun hannu, sai bugun inji. Kwana biyu Malam ya yi yana amsa gaisuwa da hanci.

'Yarsa Bushra, mai aikin jinya a Funtua, ita ta kawo masa firinta, irin wadda sai ta ɗauki zafi take bugu. Ta zuba sunaye ɗari da arba'in a wayarsa, ta nuna masa inda zai danna, suka gwada shafi ɗaya a bayan tsohuwar takardar jarrabawa. Ya fito da ɗuminsa kamar waina daga tanda. Nan take Malam ya yanke hukunci shi kaɗai: sunayen sun shige cikin firintar, in aka kashe ta mantawa za ta yi. Ai ya san halin ɗalibi, hutu ɗaya karatu ya zube.

Matsalar ita ce batirin sola ɗaya ne a gidan, kuma matarsa Hajo na ganin nata ne.

"Malam, wannan baƙuwar taka fa ba ta aiki, ba ta barci. Ta ƙura mini koren ido tana shanye wuta. Ko bijimin huɗa ana kwance shi ya huta."

"Hajo, ki taɓa komai a gidan nan, har ni, amma ban da makunnin nan."

"To, madalla. Ranar da fanka ta tsaya, kai za ka yi mini fifita."

Ba ta taɓa ba kuwa, biyayya ta yi har da ƙari. Ranar Alhamis kafin azahar ake rufe karɓar sunaye, farar takardar da Bushra ta aiko kuma ba ta iso ba sai yammacin Laraba. Tun Litinin ake marka, rana ko leƙowa ba ta yi ba, baiwar Allah firinta tana ta tsotso. Da Malam ya zo dannawa, idon ya mutu, fanka ta mutu, wayar ma ta bi su.

Safiyar Alhamis ya aro ɗan janaretan Hussaini mai aski. Firinta na fara jan wuta, janareta ya yi tari ya ɗauke. Sau uku.

"Malam, wannan nawa aska yake juyawa," in ji Hussaini, "bai saba da giwa ba."

Malam ya cusa firinta a buhun taki, ya ɗaure a bayan babur, ya faɗa taɓo. Sau biyu yana sauka yana turawa, rafi ya kai masa gwiwa, yana tafe yana salati yana roƙon kada ta manta da kowa. Sha biyu ta wuce ya dire ta a teburin Zaituna, mai shagon buga takardu a Dandume.

"'Yata, ba ta wuta maza, ko Allah zai sa da saura a kanta."

"Sauran me, Baba?"

"Sunaye mana! Ɗari da arba'in."

Zaituna ta dubi firintocinta biyu da ke zaune ba aiki, ta dubi rawanin Malam da ke ɗiga.

"Baba, ina wayar?"

"Tana gida. Ta mutu, me zan yi da gawa?"

"Ai sunayen suna cikin gawar. Wannan ko sunanka ba ta sani ba. Da wayar ka sa a aljihu, da tuni mun gama."

Ya kama karanto mata sunayen da ka, tana bugawa. Ya kai na sittin da uku, yana gardama da kansa ko Aƙilu biyu ne ko uku, ladan ya kira azahar. Suka buga abin da ya samu, ya ruga ofis, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya ce Mahuta sai rabo na biyu, bayan sati uku. Masara kuwa ba ta san wani rabo na biyu ba, ganyenta ya riga ya fara zama ruwan ɗorawa.

Da la'asar manoma suka cika masa zaure. Malam ya tsaya da buhun firinta a kafaɗa, yana neman inda zai ajiye. Wani daga baya ya ce, "Alhamdulillahi, ga buhu ɗaya ya iso. Malam, kwance mu raba."